Cutar Siliyak: Ciwon Da Maganinsa Yake Cikin Tukunya

A cikin hunturun shekarar 1944 zuwa 1945, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu yake gab da ƙarewa, sojojin Jamus sun datse hanyoyin kai abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, har yunwa ta kashe mutane wajen 20,000. Burodi, wanda shi ne tuwon mutanen wannan ƙasa, ya yi ɓatan dabo, jama'a suka koma tonon saiwoyin furanni masu kama da albasa suna dafawa domin su tsira da rayukansu.

A cikin wannan hali ne shugaban asibitin yara na Juliana da ke birnin Hague, Dokta Willem Karel Dicke, ya ga abin mamaki. Waɗansu yara da suka daɗe suna fama da zawo da kumburin ciki da rama sun fara murmurewa a daidai lokacin da sauran jama'a suke ramewa. Da garin alkama na agaji ya iso daga ƙasar Suwidin a farkon 1945, aka kuma soma ba marasa lafiya burodi, sai ciwon yaran nan ya dawo sabo. Likitan dai ya daɗe yana zargin alkama, domin tun 1941 ya rubuta bayani a kan haka, amma yunwar ce ta ƙara masa tabbaci. A 1950 ya gabatar da sakamakon bincikensa a Jami'ar Utrecht, inda ya nuna cewa alkama ce take hana waɗannan yara lafiya. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani, to, babu inda wannan magana ta fi zama daidai kamar a kan cutar siliyak.

Asalin Sanin Cutar

Cutar ba sabuwa ba ce. Kusan shekaru 2,000 da suka wuce wani likita Bagirke mai suna Aretaeus ya bayyana ta, kuma daga kalmar Girkanci mai nufin ciki aka samo sunanta. A 1888 Dokta Samuel Gee na birnin Landan ya rubuta cikakken bayanin alamunta a jikin yara, ya kuma yi hasashen cewa idan har za a sami maganinta, to, ta hanyar abinci za a same shi, sai dai bai gano abincin da yake jawo ta ba. A 1924 wani likita a Amurka, Sidney Haas, ya ɗora yaran da yake dubawa a kan cin ayaba mai yawa, suka kuwa sami sauƙi, aka yi ta yabon ayaba shekara da shekaru, alhali kuwa sauƙin ya zo ne domin tsarin abincin nasa ya hana su burodi da sauran kayan fulawa.

Bayan binciken Dicke, shi da abokan aikinsa biyu, van de Kamer da Weijers, da kuma waɗansu likitoci a Birmingham ta Ingila a 1952, sun tantance cewa laifin yana ga wani sinadari da ke cikin ƙwayar alkama, wanda ake kira gulutin. Duk matar da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba. Idan aka kwaɓa fulawa aka yi ta wanke ƙullin a cikin ruwa, sitacin zai bi ruwa, a bar wani abu mai danƙo mai miƙewa kamar roba. Wannan danƙo shi ne gulutin, shi ne yake riƙe iska har burodi da fanke su tashi, shi ne kuma yake sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Ban da alkama, ana samunsa a cikin sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi.

Yadda Take Yin Ɓarna

Bangon ƙaramin hanjin ɗan Adam yana lulluɓe da waɗansu 'yan tsiro ƙanana masu ɗimbin yawa, kamar gashin tawul, waɗanda su ne suke tsotse amfanin abinci su shigar da shi cikin jini. Idan mai cutar siliyak ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa, wadda aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta juya ta far wa bangon hanjinsa. A hankali 'yan tsiron nan su zaizaye, hanjin ya zama sumul, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana da shi ba. Ta haka ne yaro zai riƙa ci yana ƙoshi amma yana tsumburewa, ciki ya yi tulu, ƙafafu su sirance, bayan gidansa ya yi maiƙo da wari, har a ɗauka tamowa ce ko tsutsar ciki.

A jikin babba kuwa cutar takan zo a ɓoye. Wani ba zai taɓa yin zawo ba, sai dai ƙarancin jini wanda ba ya jin maganin ƙarin jini, ko gajiya marar dalili, ko ciwon baki mai yawan dawowa, ko ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Idan aka daɗe ba a gano ta ba takan raunana ƙashi, takan jawo wa mace yawan ɓari ko jinkirin haihuwa, a wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, takan kai ga ciwon daji a hanji.

Cutar ba a ɗaukarta daga wani, gadonta ake yi. Kusan duk mai ita yana ɗauke da ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado guda biyu da likitoci suke kira DQ2 da DQ8. A Turai kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na jama'a suna da su, amma kaɗan ne daga cikinsu cutar take bayyana gare su. Idan an sami mai ita a gida, to, a cikin iyayensa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya, kimanin mutum 1 cikin 10 yana iya kasancewa da ita. Haka nan ta fi yawa ga masu ciwon sukari irin wanda yake kamawa tun yarinta. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na mutanen duniya gwajin jini yana nuna alamarta a jikinsu, kashi 0.7 kuma an tabbatar da ita ta hanyar duba hanji.

Darasi Daga Hamadar Sahara

An daɗe ana ɗauka cewa siliyak ciwon Turawa ne, har sai da aka je sansanonin 'yan gudun hijira na Tinduf, a kudu maso yammacin Aljeriya, inda mutanen Yammacin Sahara suke zaune tun bayan rikicin da ya raba su da ƙasarsu a 1975. A 1999 Dokta Carlo Catassi na Italiya da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 989 daga cikin wannan al'umma, inda suka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna da alamar cutar, watau ya ninka abin da aka sani a Turai wajen sau biyar.

Dalili kuwa biyu ne suka haɗu. Ƙwayar gadon nan ta DQ2 tana da yawa a cikinsu, sa'an nan abincinsu ya sake. Mutanen da a da suke yawo da raƙuma, suna rayuwa a kan nono da nama da hatsi ɗan kaɗan, sun wayi gari garin alkama na agaji shi ne abincinsu safe da rana da dare. Labarinsu ya zama kishiyar na yaran Holan, domin can rashin alkama ne ya tona asirin cutar, nan kuwa yawaitarta ce. A jihar Punjab ta Indiya ma likitoci sun san wani ciwo da ake kira zawon bazara, wanda yake lafawa da sanyi sa'ad da mutane suke cin masara, ya taso idan sun koma kan alkama. An kuma tabbatar da cutar a Masar da Libiya da Tunisiya da Sudan.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa ta fuskar sauyin abinci. Alkama tsohuwar tsaba ce a nan, ana nomanta da rani a fadamu, amma a da abincin biki ce da na masu hali, ana yin alkaki da finkaso da taliya da ita. Tun daga 1962, da aka buɗe babban injin fulawa a Apapa ta Legas, burodi ya riƙa shiga lungu da saƙo. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, amma aka janye hanin a 1992. A yau yaron birni yakan karya da burodi da shayi, ya ci taliya mai saurin dahuwa da rana, ya kwana da tuwon semo, ba tare da iyayensa sun lura cewa sau uku ke nan ya ci alkama a yini guda ba.

Gwaji Kafin Ƙauracewa

Ana fara neman cutar da gwajin jini, wanda ya samu bayan da masu bincike a birnin Berlin na Jamus suka gano a 1997 ainihin sinadarin jiki da garkuwar take kai wa hari. Idan jini ya nuna alama, sai likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta baki har zuwa farkon ƙaramin hanji, ya ɗebo ɗan ƙanƙanen yanki a duba. Akwai kuskure guda da likitoci suke yawan gargaɗi a kansa, watau mutum ya yanke wa kansa hukunci ya bar cin alkama kafin a gwada shi. Da zarar an bari, hanji yakan fara warkewa, alamar da ke cikin jini ta ragu, gwaji ya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. Saboda haka wanda yake zargin kansa ko ɗansa, sai ya ci gaba da abincinsa na kullum har likita ya gama bincike. Wanda kuma ba shi da cutar, ba a ce ya guji burodi ba, domin gulutin ba ya yi wa hanjinsa wannan ɓarna.

Har ya zuwa yau babu ƙwaya ko allura da aka amince tana warkar da siliyak. Maganinta guda ne, barin alkama da sha'ir da rayi har iyakar rayuwa. Wanda ya kiyaye yakan ji sauƙi cikin 'yan makonni, hanjin yaro yakan farfaɗo cikin watanni, na babba kuwa yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye.

Abin Da Ke Cikin Rumbu

Baturen da aka ce ya bar alkama ya rasa tuwonsa ke nan, sai ya koma sayen burodi na musamman mai tsada. Bahaushe kuwa rumbun kakanninsa cike yake da abin da ya halatta gare shi. Gero da maiwa da dawa da masara da shinkafa da acca da iburu duk babu gulutin a cikinsu, haka ma wake da gyaɗa da gujiya da waken suya, da doya da rogo da dankali da makani, da nama da kifi da ƙwai da nono, da dukan ganyaye da 'ya'yan itace. Ke nan tuwon dawa da miyar kuka, da tuwon shinkafa da taushe, da fura da nono, da koko da ƙosai, da alale da dambu da faten tsakin masara da kunun gyaɗa, duk abinci ne na mai siliyak, matuƙar ba a surka su da fulawa ba.

Abin da ya haramta kuwa shi ne burodi da gurasa da alkubus da finkaso da fanke da cincin da alkaki da dubulan da gireba da biskit da kek, da taliya da makaroni da kuskus, da tuwon alkama da tuwon semo, wanda shi ma daga alkama ake yinsa. Burodin rogo da gwamnatin tarayya ta yi ta tallatawa a shekarun baya ba mafita ba ne, domin garin rogon kaɗan ne a cikinsa, mafi yawansa fulawa ce.

Masu gasa burodi marar gulutin a Turai sukan haɗa garin shinkafa da sitacin rogo ko na dankali da ƙwai, su ƙara wani gari mai danƙo domin ƙullin ya kama jikinsa kada ya marmashe. Matan Hausawa sun riga sun san wannan dabara ta wata hanya, domin garin kuka da ake sa wa ɗan wake aikin da yake yi ke nan, yauƙinsa ne yake ɗaure garin wake da na rogo har su dahu ba su watse ba. Waina da sinasir kuma suna tashi ne da tsamin ƙullun shinkafa da yis, tanda ta ba su siffa, ba su bukatar alkama ko kaɗan.

Alkamar Da Ba A Gani

Wahalar zama da wannan cuta ba ta tsaya ga barin burodi ba, tana ga alkamar da take shiga abinci ba da sanin mai ci ba. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kullum har kwana 90 ya isa ya taɓa hanjin mai siliyak, wannan kuwa bai wuce abin da ke cikin ɗan marmashin burodi ba. Shi ya sa ma'aunin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara ƙa'idojin abinci ta kafa a 2008 ya ce ba za a rubuta wa abinci cewa babu gulutin a cikinsa ba, sai idan bai wuce miligiram 20 a cikin kilo guda ba.

Wuri na farko da ake samun matsala shi ne injin niƙa na unguwa. Idan aka niƙa wa wata alkama, sa'an nan aka zuba dawar mai siliyak, garin ya gauraya ke nan. Gidan da yake da mai cutar sai ya tsince hatsinsa da kyau, domin mudun da aka auna alkama da shi a kasuwa shi ne ake auna gero da shi, ya wanke, sa'an nan ya daka a turmin da ba ya ganin alkama, ko ya tanadi ƙaramin inji nasa. Rariya da muciya da ƙwarya da allon yanka suna riƙe gari a cikin ƙofofinsu da tsaguwarsu, don haka gara a ware wa marar lafiya nasa. Tukunyar ƙarfe da faranti da cokali kuwa wanki da sabulu ya wadatar. Man da aka soya fanke a ciki ba a soya masa ƙosai da shi, ruwan da aka dafa taliya ba ya taɓa shinkafarsa.

A waje kuma, masu sana'ar abinci da dama sukan ƙara fulawa a ɗan wake ko a ƙullun waina domin auki ko domin ya kama jiki. Mai shayi yakan soya ƙwai a kaskon da ya gama dafa taliya, ya kuma yi aiki da wuƙar da ya yanka burodi. Lemun malt da garin shayi mai malt galibi da sha'ir ake yinsu. Waɗansu dunƙulen ɗanɗano da kayan gwangwani da naman da ake ɗurawa a leda suna da fulawa, saboda haka karanta takardar jikin kaya ya zama dole. Daddawa da kayan ƙamshi na gida waɗanda aka daka da hannu sun fi kwanciyar hankali.

Zama Da Jama'a

Abinci a ƙasar Hausa zumunci ne, wanda ya ƙi cin abin da aka ba shi akan ɗauke shi mai girman kai ko mai zargi. Ma'aikacin gwamnati da ya fita rangadi ko ya halarci taro, inda abin da ake rabawa shi ne shayi da biskit da kek, yakan yini da yunwa idan bai yi guzurin gyaɗa da dabino da dafaffen ƙwai ba. Ɗalibar makarantar kwana ba ta da zaɓi a ɗakin cin abinci, sai fa idan iyayenta sun kai wa hukumar makaranta takardar likita. Amaryar da aka kai mata gara ta alkaki da dubulan da cincin, nakiyar shinkafa kaɗai za ta iya taɓawa. Da azumi ma kayan buɗa baki da maƙwabta suke aikowa sai an tambayi yadda aka yi su, kuma matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya fi sauƙaƙa wannan rayuwa shi ne dangi su fahimci cewa ba tsirfa ba ce, kuma babu zancen a ɗan taɓa kaɗan don kada a ɓata wa mai gida rai. Wani mai siliyak zai ci burodi bai ji komai ba a ranar, amma ɓarnar tana gudana a hanjinsa. Gidaje da yawa sun ga cewa ya fi sauƙi a ɗora tukunya guda wadda kowa zai ci, da a riƙa yi wa yaro girki dabam yana jin an ware shi daga 'yan'uwansa.

A waɗansu ƙasashe hukuma ta shiga cikin lamarin. A Ingila masu cutar sun kafa ƙungiyarsu tun 1968, kuma alamar zangarniyar hatsi da aka ja wa layi ta zama shaidar abinci marar gulutin a kantunan Turai. Italiya, wadda taliya ce abincin jama'arta, ta kafa doka a 2005 wadda ta wajabta wa ɗakunan cin abinci na makarantu da asibitoci da ma'aikatun gwamnati su tanadi abinci marar gulutin ga wanda ya nema, tana kuma ba masu cutar tallafin sayen abinci kowane wata. A 2023 majalisar ƙasar ta ƙara da wata doka ta gwada yara domin a gano cutar tun ba ta yi nisa ba.

A ƙasar Hausa kuwa, abincin da ya dace da mai siliyak yana nan a kowace kasuwa, kuma shi ne mafi araha. Abin da ya rage shi ne a san da cutar. Yaron da aka ba shi maganin tsutsa sau da dama, aka ƙara masa abinci, amma zawo da kumburin ciki da tsumburewa suka ƙi barinsa, ko babban da jininsa ya ƙi cika duk da magani, ya cancanci a tambayi likita ko za a yi masa gwajin siliyak. Idan gwajin ya tabbatar, sauran aikin ya koma hannun mai girki, wadda za ta mayar da gidan kan gero da dawa da shinkafa, ta kuma sa ido a kan injin niƙa da rariya da man suya.